Kirsimeti da tsohon ciki: Wa ke sauke wa mai juna biyu nauyin biki?

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗa ƙura, gidajen Kiristocin Arewa kan shiga hidimar da ba a ganin irinta sai shekara-shekara. Teloli a Kafanchan da Sabon Tasha da Tudun Wadan Jos sun daina karɓar sabon ɗinki. Wurin mai kitso sai an bi layi. 'Yan adashe na kwasa, maza sun haɗa kuɗin watanda sun ɗaure sa suna jiran jajibiri, yara kuma kullum da yamma suna majami'a suna bitar waƙoƙi da wasan kwaikwayon haihuwar Yesu. Waɗanda neman abinci ya kai Legas da Fatakwal da Abuja sun fara tambayar kuɗin mota, domin a wurin mutanenmu, wanda bai zo gida Kirsimeti ba sai ya yi bayani.

A wasu gidajen kuma lissafi biyu ake yi lokaci guda. Ana ƙirga kwanakin da suka rage kafin 25 ga wata, ana kuma ƙirga makonnin da suka rage wa wata baiwar Allah kafin ta sauka. Lissafin farko a bakin kowa yake, har ɗan yaye ya san shi. Na biyun kuwa, saboda kunya da kawaici irin namu, ba a cika faɗinsa a fili ba. Sai dai wata dattijuwa ta dubi mai cikin ta ce, "Sannu da nauyi, Allah ya raba lafiya," ta wuce. Abin da ba a faɗa a fili kuwa da wuya a yi masa shiri, kuma a nan ne matsalar take.

Labarin da ake bikinsa

Abin lura shi ne, bikin nan gaba ɗayansa labarin mace mai ciki ne. Bishara ta hannun Luka ta buɗe da mata biyu masu juna biyu, Maryamu da 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ta samu ciki bayan tsufa ya cim mata. Maryamu ta je ta zauna wurinta wajen wata uku. Daga baya umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ya tashi Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 140, kusan nisan Kano zuwa Zariya, ga ciki ya tsufa. Jakin da muke gani a hotuna da wasan kwaikwayon yara, Luka bai ambace shi ba. Bai kuma ambaci ungozoma ba. Abin da ya faɗa shi ne ba su samu masauki ba, ta haihu, ta naɗe jaririn da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wahalar wannan haihuwa, domin Suratu Maryam ta ba da labarin yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai.

Kowace shekara ana karanta labarin nan na Luka da Hausa a dubban majami'u, tun daga 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki. A Wusasa, inda mishan ɗin ya koma daga cikin birnin Zariya, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, da salon ginin Hausa, a 1929, kuma har gobe tana nan. Kusa da ita akwai asibitin St. Luke. Haka abin yake a Vom, da Garkida, da Jankwano a Jos, da Galmi a Jamhuriyar Nijar: inda aka kafa majami'a, da wuya ka rasa ɗakin shan magani a gefenta. Su waɗancan 'yan mishan ba su raba wa'azin haihuwar Almasihu da kula da mace mai naƙuda ba. Ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan da makarantar Wusasa ta yaye, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, likitan yara ne.

To, me ya sa a yau, a ranar da ake tuna matar da ta haihu a kan hanya, mai cikin gidanmu ce ta fi kowa shan wahala?

Daren jajibiri a madafa

Duk wanda ya taɓa kwana a babban gida ranar 24 ga Disamba ya san yadda abin yake. Tun la'asar an yanka abin yankawa. An kai markaɗen tattasai da tumatir inji an dawo. An kafa murhu uku a tsakar gida, itacen rabinsa ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe, kowa na share hawaye da gefen zane. Nan ana suyar nama a babban kasko, can ana murza ƙullin cincin da kwalba ana yankawa da almakashi, ga buhun shinkafa ana tsince, ga ƙullin waina an rufe shi ya tashi kafin asuba. A gidajen Filato kuma sai an tanadi acca da ganyen gwate. Maza suna ƙofar gida suna hira da baƙin da suka sauka, yara na ta fasa abin tartsatsin wuta duk da 'yan sanda na hana shi kusan kowace shekara.

A tsakiyar wannan hada-hada za ka hango ta. Ita ce ƙaramar matar gida, bara war haka ake bikinta, yanzu cikinta wata takwas. Ta sunkuya tana hura wuta, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ta daina shiga, sai ta taka bayanta. Ta ɗauko ruwa, ta wanke hanji, ta kama kunnen babbar tukunya ita da wata za su sauke. Surukarta ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, ki je ki zauna mana." Ita kuma ta ce, "Ba komai, Mama, na kusa gamawa." Mama ta faɗa don sauke nauyi, ita ta amsa don gudun a ce amaryar gidan raguwa ce. Daga nan maganar ta mutu. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare za ta kwanta, ƙarfe huɗu ta tashi ta ɗora shinkafa, ƙarfe tara tana majami'a cikin anko, a sujadar da za ta kai awa uku ko fiye. An taso, a dawo a fara rabon abinci: na baƙi, na maƙwabta, na Baba Fasto, na yaran unguwa masu yawon barka da Kirsimeti. Ita sai kowa ya ci, sannan ta kankare abin da ya rage a gindin tukunya.

Ba ina cewa mai ciki ta kwanta ta miƙe ƙafa ba ne. Ma'aikatan lafiya ma suna son ta riƙa motsa jiki, kuma shiga cikin mata ana aiki ana raha wani daɗi ne da bai kamata a hana ta ba. Ta zauna a inuwa, nesa da hayaƙi, ta yanka albasa, ta tsince shinkafa, ta ƙulla cincin a leda. Abin da ba shi da kyau shi ne doguwar tsayuwa a bakin wuta, da ɗaga kaya masu nauyi, da kwana biyu ba barci, da zama da yunwa a gidan da aka yanka sa. Ita ce ta fi kowa buƙatar naman nan, domin ƙarancin jini na daga cikin abubuwan da suka fi addabar masu ciki a ƙasarmu. A fara zuba mata kafin a zuba wa baƙo. A gidajen da ake dafa burukutu ko fito domin biki kuwa, kada wanda ya miƙa mata ƙwarya da sunan ɗan kaɗan ba ya komai. Abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan da ke ciki.

Akwai kuma abin da hidima ke rufewa, wanda ya fi duk waɗannan haɗari. Kumburin ƙafa kaɗai abu ne da masu ciki da yawa ke yi. Amma idan fuska da hannaye suka kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi, wannan na iya zama hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. A ranar biki sai a ce gajiya ce, a ba ta maganin ciwon kai a ce ta ɗan kishingiɗa. Zubar jini, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ko ta ji ɗan ya rage motsi, duk ba abin da za a ce bari a gama sallamar baƙi ba ne. A ajiye ludayi a nemi asibiti.

Tafiya gida

Zumunta a ƙafa take, kuma Kirsimeti ne lokacin da Kiristan Arewa ke biyan bashin zumuntar shekara. A wannan makon ake ɗaura aure, ake taron ci gaban gari, ake sasanta 'yan'uwa. Mutanen Kagoro kan zarce har 1 ga Janairu domin bikin Afan. Ga mai cikin fari kuma akwai wani dalilin daban: al'adar goyon ciki, wadda Hausawa Musulmi da Kirista suka gada, inda mace kan koma gaban iyayenta idan ciki ya tsufa, ta haihu a can. Sai iyalai da yawa su haɗa biyun, a ce ta biyo motar Kirsimeti kawai ta zauna har ta yi arba'in.

Niyyar mai kyau ce, amma a duba hanyar. Daga Legas zuwa Jos ya haura kilomita 1,000, a doguwar mota, gwiwa a takure, sau da yawa cikin dare. Ƙarshen shekara ne lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke ƙara jami'ai a kan tituna saboda cunkoso da gudun direbobi masu son yin sawu biyu a rana. Kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa ɗaukar mace idan cikinta ya wuce mako 36, amma a tasha ba mai tambaya. Ga kuma zancen tsaro, wanda ba mai iya kawar da kai daga gare shi. Mutanen Jos ba su manta bama-baman jajibirin Kirsimetin 2010 ba, na Madalla ba su manta safiyar 25 ga Disamban 2011 a majami'ar St. Theresa ba, kuma a 2023 an kashe mutum sama da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a kwanakin bikin. A ranar gudu, mai tsohon ciki ce ake bari a baya.

Tambayar da ta fi muhimmanci ma ba ta hanya ba ce, ta inda za a sauka ce. Matar da ta yi wata bakwai tana awo a birni, ma'aikatan sun san jininta, sun san kwanciyar ɗanta, wataƙila ma sun ce mata haihuwar sai an yi aiki, ita ce za a kai ƙauyen da ɗakin shan maganinsa ke da ma'aikaci ɗaya, shi ma ya tafi nasa garin biki. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu duk hutu ne. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, wa ke da mota? Akwai mai a cikinta? Direban ya sha ko bai sha ba? Asibitin da ke iya tiyata da ƙarin jini nisansa nawa?

Waɗannan tambayoyi ba na tsoratarwa ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti. Masana sun daɗe suna cewa jinkiri uku ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Makon biki yana tsawaita dukansu ukun.

A ganina, idan ciki ya shiga watan ƙarshe, ko kuma ma'aikatan lafiya sun ce akwai abin lura, ta yi Kirsimetinta inda take awo. Idan uwarta ake so ta kula da ita, a biya wa uwar kuɗin mota ta zo. Idan kuwa tafiyar ta zama dole, a yi ta da wuri kafin cunkoso, da rana, a riƙa tsayawa tana taka ƙasa, ta ɗaura bel ɗin mota a ƙarƙashin ciki, katin awonta na cikin jakar hannu. Washegarin isarta, kafin zagayen gaishe-gaishe, a kai ta asibitin da ya fi kusa ta nuna kanta.

Kuɗin shinkafa da kuɗin haihuwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Kirsimeti ya ƙara tsada. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya kusa ko ya haura naira 100,000 a kasuwanni da dama, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Duk da haka magidanci ba ya son a ce gidansa ne kawai ba a yi ɗinki ba. Sai a taɓa ɗan abin da aka ajiye domin haihuwa, da niyyar mayarwa idan an yi albashin Janairu. Janairu kuwa kuɗin makaranta na jiransa, ita kuma naƙuda ba ta jiran ƙarshen wata. Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. A nan bashin kan faɗa kan wadda ba ita ta ci shi ba.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Mataki ne mai kyau, amma ba kowane asibiti ke cikin shirin ba, kuma ba ya biyan kuɗin mota da tsakar dare. Gidan da ke jiran ƙaruwa ya ware kuɗin haihuwa tun kafin a shiga kasuwa, a sa shi inda hannu ba ya kai wa. A haɗa jakar asibiti a ajiye a bakin gado. A cikin 'yan'uwan da suka taru cin shinkafa, a san mutum biyu da za su iya ba da jini. Ankon bana in an rasa shi, na bara bai yage ba.

Idan baƙon ya iso cikin sanyi

Duk da wannan, kada a ɗauka cewa haihuwa a lokacin Kirsimeti abin fargaba ne kawai. Wanda ya ga gidan da aka samu ƙaruwa a makon biki ya ga murna biyu a haɗe. Dangi duk suna nan, ba sai an aika musu ba. 'Yan barka na shigowa da sabbin kayansu, "Barka da sauka, me aka samu? Allah ya raya." Matan Zumunta na majami'a za su zo cikin zanensu iri ɗaya, da tulu da caki, da sabulu da garin kunu, su cika tsakar gida da waƙa, su yi addu'a, wata ta kama wanki, wata ta ɗora ruwa. Maƙwabciya Musulma da aka kai wa shinkafa jiya, yau ita ce ta shigo da kwanon kunu da yajin jego. Sunan ma ba ya wahalar samu: Emmanuel, Yusufu, Maryamu, ko kuma Godiya, Murna, Alheri, Kyauta, Salama. Iyalai da yawa kan raɗa suna bayan mako guda, kusa da yadda Luka ya ce an raɗa wa Yesu a rana ta takwas, kuma kwana 40 da mai jego ke yi kafin ta fita ya zo daidai da kwanakin da Maryamu ta cika kafin ta kai jaririnta Haikali.

Sai dai hunturu ba ya wasa da jariri. A Jos sanyin dare kan sauka zuwa wajen digiri 10. Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a goge jariri a busar da shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a jinkirta wankan farko har ya cika awa 24, a kuma ba shi nonon farko, wato dakashi, wanda wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar. Kada a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, kada kuma a tada janareta kusa da inda suke kwana. Hayaƙin nan marar wari ya sha hallaka iyalai cikin barci. Masu mura da tari su yi barka daga bakin ƙofa. Game da wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kuwa, tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a sassauta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A wurin awon ne ake gwada jini, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus. Ranar awo ɗaya da aka tsallake saboda ana layin tela na iya zama ranar da za a gano hawan jini.

Majami'a na da abin da asibiti ba shi da shi: ta san kowa da sunansa. Shugabar Zumuntar Mata ta san duk mai tsohon ciki a ikilisiyarta, ta san wadda mijinta ba ya gari, ta san wadda gudun hijira ya kawo. Saboda haka kiran nan na dattawan ikilisiya ne da fastoci. A Lahadin farko na Disamba, cikin sanarwar da ake yi ta anko da baikon godiya, a ƙara sanarwa ɗaya: ga lambar masu mota da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, ga matasan da suka yarda su ba da jini, ga ma'aikaciyar jinyar da za ta kasance a gari. A cire wani abu daga baikon Kirsimeti a ajiye domin haihuwar gaggawa. Kai kuma maigida, kada ka bar wa mahaifiyarka faɗin "je ki zauna." Kai za ka shiga madafar da kanka, a gaban kowa, ka karɓi tukunyar daga hannunta, ka kawo mata kujera.